Birkin Rairayi

A ƙauyensu Yahuza, can kusa da Buji, ba wanda ya taɓa kiransa Injiniya kafin ya raɗa wa kansa sunan, ya kuma sa aka rubuta shi da jan fenti a bayan a-kori-kurar kawunsa. Abin da ya ba shi wannan ƙarfin gwiwa shi ne zango biyu da ya yi a wata makarantar share fagen shiga jami'a a Dutse. Jarrabawa ba ta yi da shi ba. Ya dawo gida da katifarsa, da farin tabarau marar magani, da darasi guda tak da ya zauna masa a ka: yadda ake lissafin abin da ke gudu yana rage gudu har ya tsaya. Tun daga nan ko kaza ce ta gifta da gudu sai ya gaya maka sakan nawa ya rage mata ta tsaya. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma Yahuza nasa ƙuƙumin ado ya ɗauke shi, yana yawo da shi kasuwa-kasuwa.

Motar ta Kawu Jaji ce, yayan mahaifiyarsa. Kafin ta shigo hannun Yahuza amalanken shanu yake kora, yana kai taki gona, kuma babu abin da ya tsana a duniya kamar a tuna masa da wannan zamanin. Ranar da Kawu ya mayar masa da makulli karo na ƙarshe, magana ɗaya ya yi.

"Ka sake gyara mini wani abu a motar nan, makulli ya dawo aljihuna, kai kuma ka koma bayan shanu."

Kawu yana da dalilinsa. Yahuza ya gyara rediyon motar har ta daina magana, ya gyara hon har ya koma sai an sha kwana yake kuka da kansa.

Ana cikin haka aka yi bikin Hindatu, 'yar Kawu Jaji, aka kai ta Dungun Rairai, aka sa ranar Lahadi za a kai gara. Gwaggo Dada, yayar Kawu, wadda kowa a gidan Gwaggo yake ce mata, ita ce da aikin. Ɗakinta ya cika da alkaki da nakiya da dubulan, ga ƙwaryar man shanu an rufe da sabon faifai, ga jarkar man gyaɗa da ta matse da hannunta daga gyaɗar gonarta. Ta ce so take matan Dungun Rairai su buɗe kayan su rasa abin kushewa.

A wannan makon ne man birkin motar ya tsiyaye. Yahuza ya leƙa, ya yi tunani irin na masana, ya yanke hukunci cewa mai dai mai ne, bambancin suna ne kawai. Ya faki idon Gwaggo ta tafi barka maƙwabta, ya shiga ɗakinta ya cika gwangwani da man gyaɗa, ya ɗura wa birki. Birki ya yi aiki yini guda cikin ladabi. Washegari ya taka, abin takawar ya nutse har ƙasa bai dawo da labari ba. Birkin hannu kuwa, tun zamanin mai motar na farko, dutse ne da ake sa wa taya.

Wani zai je ya durƙusa gaban kawunsa ya faɗi gaskiya. Yahuza ma ya kama hanya. Amma da ya bi ta turke, sai shanun nan biyu suka ɗago kai suka dube shi suna tuƙa, kamar masu cewa muna nan muna jira. Kafin ya isa tsakar gida gaskiyar ta narke, dabara ta maye gurbinta.

"Kawu," ya ce, yana gyara tabarau, "ranar kai gara zan nuna wa mutanen Dungun Rairai irin gidan da suka nemi aure. Zan tsayar da motar nan daidai ƙofar surukai, ƙafata ba ta taɓa birki ba."

"Me birkin ya yi maka?"

"Ba abin da ya yi mini. Birki na wanda bai yi karatu ba ne."

"To ni ban yi ba. Ka taka mini shi."

"Ai yana nan, Kawu, in an buƙace shi. Ba za a buƙace shi ba ne."

Gwaggo Dada ta fito daga ɗaki tana jijjiga jarka kusa da kunnenta.

"Ni dai wani ya taɓa mini man gyaɗa."

"Zafi ne, Gwaggo. Mai yana ƙafewa. Akwai lissafinsa."

"Ya ƙafe, ya kuma mayar da murfi?"

Yahuza ya tuna yana da aiki a waje.

Dabarar tasa ba ta rasa tushe ba. Dungun Rairai ba a banza ta ci sunanta ba. Daga bakin gari har ƙofar gidan Alhaji Ubaidullahi, mai unguwa kuma uban ango, rairayi ne mai zurfi wanda ko babur sai an sauka an tura. Hanyar tana bi ta ƙofar gidan, ta miƙe ta ƙare a jikin zanan da ya kewaye rumbunan Alhaji. Yahuza ya lallaɓa da motar ta hanyar gona, ya iso garin da igiyar awo. Ya auna daga darbejiyar bakin hanya zuwa ƙofar Alhaji. Da ya ga mutane sun taru suna kallo, sai ya ci gaba da awo ba don komai ba, har zana, har gindin rumbu, yana faɗin lambobi da ƙarfi don na nesa su amfana.

Sannan ya zauna a teburin Sharhabilu mai shayi, ya karɓi tsinke ya fara zane a ƙasa.

"Abin ba wuya gare shi ga mai ilimi. Gudun ƙarshe shi ne gudun farko, an debe abin da rairayi ya cinye. In na shigo ina cin mita goma a sakan guda, rairayi kuma yana zaftare biyu kowane sakan, yaushe zan tsaya?"

"Sai yadda Allah ya yi," in ji Sharhabilu.

"Sakan biyar. Gudu ya fara daga goma ya ƙare a sifili, tsaka-tsakinsa biyar ke nan. Biyar sau biyar, mita ashirin da biyar. Daga darbejiya zuwa ƙofar Alhaji kuwa ashirin da biyar ne cif. A gindinta zan kashe mota, in cire giya, in naɗe hannu."

"In akuya ta gifta fa?"

"Babu akuya a lissafin."

"Akwai ta a garin."

"Malam Sharhabilu, kai dama shayinka."

Sharhabilu ya dama, sannan ya leƙa cikin motar.

"Na ga allurar gudun a kwance take. Da me za ka san goman ta cika?"

"Ƙofar hagu. In ta fara kaɗawa, goma ta cika."

Aka shiga gwaji. A na farko rami ne ya kaɗa ƙofar tun gudu bai kai ko'ina ba. Yahuza ya kashe mota ya naɗe hannu, ta tsaya nesa da ƙofar Alhaji, ta nutse har cibiya. Masu shan shayi suka ajiye kofuna suka tura. Alhaji Ubaidullahi da kansa ya naɗe hannun riga ya sa kafaɗa, don motar surukai ce, ba dama a tsaya kallo.

A na biyu ta tsaya a gicciye, ranar kasuwar Miga, ta tare hanya. Amalanke ya yi layi har bakin gari, masu kai tumaki kasuwa suna ta yi wa Yahuza addu'ar da ba a cewa amin. Aka sake turawa.

A na uku ya ce ƙofar hagu ta tsufa, ba ta kaɗawa da wuri, don haka ya ƙara wuta. Motar ta yanki gefe, ta ɗauki bencin Sharhabilu ta tafi da shi. Allah ya sa waɗanda ke kai sun riga sun koyi tashi da zarar sun ji kukan hon a kwana.

"Bencin ma babu shi a lissafin?" in ji Sharhabilu, yana tattara katako.

"Kai ka ajiye shi a kan hanyar ilimi."

Abin haushin shi ne daga baya lissafin ya fara ci. Ranar Alhamis motar ta shigo, ƙofar hagu ta kaɗa, aka kashe ta a gindin darbejiya, rairayi ya riƙe ta a hankali har ta tsaya hancinta yana kallon ƙofar Alhaji. Yahuza ya diro yana nuna wa kowa agogon wayarsa. Ya maimaita, ta sake tsayawa a wurin. Sai dai motar da ta tsaya a rairayi ba ta tashi da kanta, ko lissafi ya ci ko bai ci ba. Kowace nasara sai an tura. Mazan garin suka fara ciwon baya. Wasu da sun ji hon sai su shige masallaci su ta da nafila.

Da yammacin ranar Alhaji Ubaidullahi ya miƙe daga bayan mota yana haki, rigarsa ta yi buɗu-buɗu. Ya daɗe yana kallon rairayin ƙofar gidansa.

"Wannan abin kunya ne a gare mu," ya ce wa mutanensa. "A ce surukai za su zo da mata da kaya su same shi haka."

Yahuza yana nan tsaye, amma bai ji ba. Yana can yana yi wa wani tsoho bayanin tsaka-tsakin gudu, tsohon kuwa kurma ne.

Ranar Lahadi aka yi lodi. Aka jera kwalla da fanteka, aka ɗaure buhunan shinkafa da gero. Gwaggo Dada ta zauna a baya, ta jingina da kan motar, ƙwaryar man shanu a cinyarta, don ta ce ba ta yarda da kowa ba tun da mai ya koyi ƙafewa. 'Yan rakiya suka zauna kewaye da ita. Kawu Jaji ya shiga gaba da babbar riga da hula zanna. Yahuza ya sha farar shadda, ya goge tabarau, ya yi bisimilla a bayyane don a shaida.

Duk hanya yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, har Kawu ya fara tunanin yaron nan ya yi hankali. Da suka hango Dungun Rairai sai ya taka wuta. Ƙofar hagu ta fara kaɗawa. Hon ya yi kuka da kansa a kwanar ƙarshe, mata suka rangaɗa guɗa, suka shigo gari.

Babu rairayi.

Abin da ya faru shi ne, jiya Asabar Alhaji Ubaidullahi ya kira gayya. Duk namijin da ya taɓa tura motar Yahuza ya fito, wato duk mazan garin, kuma ba a taɓa ganin gayyar da aka yi da zuciya ɗaya irin wannan ba. Suka yi ta jido jar ƙasa da amalanke, suka zuba, suka yayyafa ruwa, suka daɓe. Yanzu hanya ce ja sumul tun daga bakin gari har jikin zana, ga mutane sun yi sahu hagu da dama sun zo tarbar baƙi da kallon ilimi.

Idon Yahuza ya gani, amma hannunsa ya riga ya saba. Suna zuwa darbejiya hannun ya murɗa makulli ya cire giya, ba tare da ya yi shawara da mai shi ba.

Motar ta ci gaba da tafiya cikin nishaɗi, kamar ba da ita ake ba.

A nan, don a yi wa Yahuza adalci, kansa ya yi aikin da bai taɓa yi ba a ɗakin jarrabawa. Ya ji a jikinsa sabuwar hanyar ba ta cin biyu. Da ƙyar take cin rabi. Goma in ana debe rabi-rabi, sakan ashirin ke nan, mita ɗari. Ƙofar Alhaji tana ashirin da biyar. Rumbu, wanda ya auna don burga, yana saba'in da biyar. Gumi ya karyo masa, tabarau ya zamo kan hanci.

Alhaji Ubaidullahi ya tako gaba da fara'a, ya miƙo hannu biyu.

"Sannunku da zu..."

"Mun same ku lafiya?" in ji Kawu ta taga, don shi mutum ne da ba ya wuce gaisuwa. Amsar ta iske su daga baya.

"Yahuza, mun wuce ƙofar."

"Na gani, Kawu."

"An buƙace shi. Taka."

Yahuza ya taka. Abin takawar ya nutse ƙasa. Ɗan sauran man da ke ciki ya tsarto kan ƙarfe mai zafi, wani ƙamshin suya ya cika motar. Ya kai hannu zai cusa giya, ta yi gurnani ta ƙi shiga. Hagu mutane, dama mutane, gaba kuwa zana.

"Kawu, za mu isa rumbu da sauran gudu biyar."

"Wato me?"

"Wato ka riƙe hularka."

Zana ya buɗe musu ba musu. Rumbun Alhaji, wanda ya cika da damman gero, ya karɓe su da ƙirji. Ya yi wani nishi, ya karkata, ya zauna a ƙasa, jinkarsa ta sauko ta hau kan motar ta rufe gilashi. Mota ta tsaya.

Gara kuwa ba ta sami labarin an tsaya ba. Murafen kwalla suka yi gaba, alkaki ya tashi sama ya sauko kamar ƙanƙara, nakiya ta bi shi, dubulan ya watse cikin gero. Gwaggo Dada ta riƙe ƙwaryarta gam, ba ta sake ta ba. Man shanun ne ya saki ƙwaryar. Ya haye kan motar, ya gangaro ta tagar dama, ya sami Kawu Jaji yana riƙe da hula da hannu biyu kamar yadda aka umarce shi.

Kajin Alhaji ne kawai suka fahimci abin da ya kamata a yi, suka kama aiki.

Mutane suka iso da gudu. Aka sauko da mata ɗaya bayan ɗaya, aka duba, ba wadda ta ko ƙwarzane. Aka yi hamdala. Amarya Hindatu ta leƙo ta katangar baya da lulluɓi, ta ga gararta a bakin kaji, ta ja lulluɓinta ta koma ciki. Wannan komawar tata ta fi zagi zafi a zuciyar Yahuza, don ita ce kaɗai a gidansu da ke kiransa Injiniya ba da dariya ba.

Alhaji Ubaidullahi ya iso yana haki. Ya dubi rumbunsa, ya dubi surukinsa da man shanu ke ɗiga daga gemunsa, ya rasa ta inda zai fara. Da yake dattijo ne, sai ya fara da alheri.

"Kun ga hanyar dai? Saboda ku muka yi ta, kada motarku ta sake kafewa."

Yahuza ya fito daga ƙarƙashin jinka da ciyawa a ka. Da ya yi shiru da wataƙila an ce tsautsayi ne. Amma an taɓa masa lissafi.

"Alhaji, ai birkina kuka binne."

Kawu Jaji ya daina share gemu.

"Birkinka?"

"Rairayin, Kawu. A ilimance..."

"Na motar fa? Wanda ka ce yana nan?"

Gwaggo Dada ba ta jira amsa ba. Ta ajiye ƙwaryar da ba komai a ciki, ta sunkuya kusa da tayar gaba, ta shaƙa sau biyu, ta miƙe.

"Wannan ƙamshin na san shi. Gyaɗar gonata ce, ta gefen rijiya." Ta juyo ta dubi Yahuza. "Ashe nan ya ƙafe."

Dariyar da mutanen Dungun Rairai suka yi ta dannewa saboda kunyar surukai ta ƙwace. Har waɗanda ke ciwon baya suka yi, suna dafe da ƙugu. Sharhabilu mai shayi ya matso, ya leƙa rumbun, ya yi tambaya cikin ladabi.

"Injiniya, shi ma rumbun babu shi a lissafin?"

"Akwai shi. Na ce da gudu biyar za mu same shi, kuma da biyar muka same shi. Ga Kawu nan, a tambaye shi."

"Gaskiya ne," in ji Kawu. "Ya faɗa." Sannan ya miƙa hannu, tafin yana maiƙo.

Yahuza ya dubi hannun, ya dubi makullin da ke nasa. Ya buɗe baki zai kawo wani lissafin, ya ga ko tsohon nan kurma ya gane abin da ake ciki. Ya ajiye makullin a tafin kawunsa, ya ji kamar ransa ya miƙa.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kawu ya yanke cewa Yahuza ne zai kawo ƙasar ginin sabon rumbu, da sabon zana, da garar da Gwaggo za ta sake haɗawa bayan ta sa wa ɗakinta kwaɗo. Motar kuwa aka sa mata dutse a taya, tana jiran bakanike daga Dutse.

Ranar da ya kawo garar ta biyu, hantsi ya dubi ludayi, teburin Sharhabilu ya cika. Aka hango amalanke yana tahowa a kan jar hanya, shanun nan biyu suna tafe suna tuƙa ba gaggawa, Yahuza a zaune a sama da igiya a hannu, ya cire tabarau ya sa a aljihu. Suka wuce darbejiya. Da suka zo ƙofar Alhaji Ubaidullahi ya ɗan ja igiyar, shanu suka tsaya cak, ko faifai bai motsa ba.

Sharhabilu ya ajiye buta, ya dubi jama'a.

"To ku shaida, alkawari ya cika," ya ce. "Daidai ƙofa, kuma ƙafarsa ba ta taɓa birki ba."